Shirya Motar Kat-kat Domin Hanyoyin Karkarar Mayahi da Tasawa

Gabatarwa

Wannan bayani an shirya shi ne domin direbobi, da shugabannin ayyuka, da jami'an kiwon lafiya da na yaƙi da jahilci, da duk wanda aka ɗora wa alhakin mota mai jan ƙafa huɗu, wadda aka fi sani da kat-kat, a gundumomin Mayahi da Tasawa na jihar Maraɗi. Manufarsa ita ce ya nuna maka abin da motar da ta fito daga kamfani take bukata kafin ta bar kwalta, da abin da ya kamata a fara saye, da abin da za a iya jinkirtawa.

Mutane da yawa suna zaton sai an kashe kuɗi masu yawa wajen ɗaga mota da ɗaura mata ƙarafa kafin ta iya shiga daji. A irin hanyoyinmu ba haka abin yake ba. Kat-kat mai lafiya tana iya isa kusan kowane ƙauye na wannan yanki yadda aka ƙera ta, in dai an kula da abubuwa biyar: taya da iskarta, nauyin lodi, tsabtar iska da man da injin yake sha, kayan ceto, da kuma hankalin mai tuƙi. Batun yana da muhimmanci, domin motar da ta kafe a rairayi tana iya zama sanadin lalacewar allurar rigakafi da zafin rana, ko jinkirin mai naƙuda a hanyar asibiti, ko watsewar ajin manya da suka bar gonakinsu suna jiran malami.

1. Irin hanyoyin da za ka tarar

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta kwalta ce. Ta taso daga Yamai, ta ratsa Maraɗi, Cadawa, Gazawa da Tasawa, ta nufi Damagaram. Amma yawancin ƙauyukan da aiki yake kai mutum, a ƙananan hukumomi irin su Kanambakashe, Gidan Amumun, Isawan, Attantane da Sarkin Hausa a gundumar Mayahi, ko Urafan, Maijirgi, Korgom da Hawandawaki a gundumar Tasawa, sai an sauka daga babbar hanya kafin a kai gare su. Hanyoyin da ke haɗa su iri huɗu ne.

Na farko, hanyar jar ƙasa, wato burji. Tana da ƙarfi, amma tana yin gargada, kuma gargada ita ce ke kwance noti, ta karya sifirin, ta gajiyar da shokazoba.

Na biyu, hanyar jigawa mai rairayi. Ita ce ta fi yawa a wannan yanki, musamman idan ka nausa arewa. Amalanken shanu da na jakai sun sare ta gida biyu, sun bar tudu a tsakiya wanda yake gugar cikin mota. Rairayin ya fi zurfi a mashigin gari, da bakin rijiya, da kusa da kasuwa, inda dabbobi suke tattake ƙasa kullum.

Na uku, fadama da kwari. Gulbin Kaba, wanda ya ratsa gundumar Mayahi, mafi yawan shekara a bushe yake, cike da goruba da kaba. Da damina, tsakanin watan Yuni da na Satumba, ruwa yana kwanciya a wurare masu laka, sai wurin da ka bi lafiya da rani ya zama tarko.

Na huɗu, hanyar da ta ratsa tsakanin gonaki. Abokan gabarka a nan su ne ƙayar aduwa, da ta magarya, da ta bagaruwa, da kututturen icce da rairayi ya rufe, da gindin karan hatsi bayan girbi.

Ka lura cewa babu manyan duwatsu ko hawa mai tsanani a cikin waɗannan. Saboda haka kayan da ake tallatawa domin hawan dutse a Turai da Amurka, mafi yawansu ba naka ba ne.

2. Fara da sanin motarka

Ba duk mota mai tsawon ƙafa ce kat-kat ta daji ba. Duba kusa da giya. Idan akwai ƙaramar giya ta biyu, ko maɓalli, mai alamun H2, H4 da L4, to motarka tana da giyar ƙarfi. Irin su Land Cruiser, Prado, Hilux, Patrol da Pajero suna cikin wannan rukuni. Motoci irin RAV4 da Highlander ba su da L4, cikinsu kuma ya fi kusa da ƙasa. Suna iya bin burji da rairayi marar zurfi, amma kada a tura su inda amalanke ya sare hanya.

Ma'anar alamun ita ce:

• H2: ƙafafun baya kaɗai suke ja. Wannan na kwalta ne.
• H4: ƙafafu huɗu suna ja da gudun da aka saba. Wannan na rairayi ne da burji mai santsi.
• L4: ƙafafu huɗu suna ja da ƙarfi mai yawa da gudu kaɗan. Wannan na rairayi mai zurfi ne, da laka, da fitar da motar da ta kafe. A tsaye ake shigar da shi.

Tsofaffin motoci da yawa suna da makulli a tsakiyar ƙafafun gaba mai rubutun FREE da LOCK. Idan ba ka sauka ka murɗa su duka biyu zuwa LOCK ba, ko ka sa H4 ƙafafun gaba ba za su ja ba. Wannan mantuwa ta kafe motoci da dama.

Akwai kuma gargaɗi. Motar da take da H2, kada a tuƙa ta da H4 ko L4 a kan kwalta. A kwana, ƙafafun gaba suna yin tafiya mai tsawo fiye da na baya. A rairayi taya tana zamewa kaɗan ta sauke wannan bambanci, a kwalta kuwa ba ta samun zamewa, sai ƙarfin ya taru a cikin giya har ya karya haƙoranta. Da zarar ka hau kwalta, mayar da ita H2.

Kafin ka sayi kowane sabon kaya, kai motar wurin makaniki ya duba birki, da kuloci, da lagireto da robobinsa, da fanbel, da batir da maƙalinsa, da sifirin, da shokazoba. Ƙarin kaya ba ya warkar da mota marar lafiya.

3. Taya da iska

Idan kuɗin da ke hannunka na abu ɗaya ne kawai, sa shi a taya.

Irin taya. Akwai ta kwalta mai ƙananan zane, akwai ta kowace hanya mai alamar AT, akwai ta laka mai manyan haƙora da alamar MT. Ta tsakiyar ce ta dace da mu. Ta laka tana haƙa rami a rairayi, tana shan mai, tana kuma saurin cinyewa a kwalta. Nemi wadda ke da alamar LT a jikinta, domin gefenta ya fi kauri, ya fi jure ƙaya da kututture.

Girma. Tsaya a kan girman da kamfani ya rubuta. Taya da ta fi girma tana rage ƙarfin ja, tana ƙara wa birki da kuloci wahala, tana sa agogon gudu ya yi ƙarya. Ƙafafu huɗu da safaya su zama girma ɗaya, iri ɗaya. Wili mai inci 16 ko 17 ya fi mai inci 18 ko 20, domin yana barin taya mai tsawon gefe, wadda take iya shimfiɗuwa idan aka rage iska.

Ƙarfin ɗauka. Bayan lambar girma akwai wata lamba da ke nuna nauyin da taya ɗaya take ɗauka. Misali, 112 yana nufin kilo 1,120, 120 kuma kilo 1,400. Kada ka sauka ƙasa da abin da littafin motar ya ce.

Shekaru. Tun daga shekarar 2000, ana buga lamba huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Lamba 2321 tana nufin mako na 23 na shekarar 2021. Taya da ta wuce shekara 5 a riƙa duba ta da kyau, wadda ta kai 10 a cire ta ko da zanenta bai cinye ba. Yi hattara da tayoyin hannu da ake shigowa da su daga Turai. Wasunsu na lokacin ƙanƙara ne, suna da hoton dutse da ƙanƙara a gefe, robarsu mai laushi ce, ba a yi ta domin zafin watan Afrilu da Mayu ba, lokacin da ma'aunin zafi yake haura 40.

Iska. Wannan shi ne babban sirrin tuƙi a rairayi, kuma ba ya cin ko dala. Idan aka rage iska, tafin taya yana ƙara tsawo a ƙasa, nauyin mota ya bazu, sai ta hau kan rairayi maimakon ta nutse, kamar yadda faffaɗan tafin raƙumi yake ɗaukarsa. Ana auna iska da bar, wanda masu faci suke kira kilo. Bar 1 daidai yake da kimanin 14.5 a ma'aunin psi.

• A kwalta: abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba ko a littafin mota.
• A burji mai gargada: rage kamar kashi ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin biyar, ka kuma rage gudu.
• A rairayi: kimanin bar 1.5. Idan ya yi zurfi ƙwarai, sauka zuwa 1.2.
• Idan mota ta kafe: ana iya sauka zuwa bar 1, domin fita kawai.

Mota mai lodi tana bukatar iska fiye da marar lodi, musamman a baya. Da ragaggiyar iska kada ka wuce gudun kilomita 40 a awa, kada ka yanke kwana da ƙarfi, don kada taya ta saɓule daga wili. Taya mai tub ta fi son a yi mata sannu, domin ƙarancin iska yana sa tub ya zame ya tsinke bawul. Kafin ka hau kwalta, mayar da iska. Taya mai ƙarancin iska idan ta yi gudu tana ɗaukar zafi har ta fashe.

Daga nan za ka gane cewa ma'aunin iska da famfo ba kayan ado ba ne. Direban da ba shi da famfo ba zai yarda ya rage iska ba, domin ya san babu mai faci a gabansa. Sayi famfon lantarki mai kama kan batir kai tsaye, ka bar injin yana aiki lokacin da kake bugawa, ka kuma ajiye famfon ƙafa ko na hannu saboda ranar da na lantarkin zai ƙi.

4. Nauyi da tsarin lodi

Kowace mota tana da faranti a jikin ƙofa ko cikin gidan injin, wanda ya nuna iyakar nauyinta da duk abin da ke cikinta. Idan ka cire nauyin motar kanta, abin da ya rage shi ne rabon mutane da kaya. A motocin iyali irin Prado da Pajero, sau da yawa wannan rabo yana tsakanin kilo 600 da 750.

Yi wannan lissafi. Mutum 6, kowanne kilo 70, sun kai 420. Jarkar ƙarfe biyu ta man gas, wato gazuwal, mai lita 20 kowacce, kimanin kilo 40. Ruwa lita 40, kilo 40. Safaya ta biyu, kimanin 35. Kayan aiki da na ceto, 35. An riga an kai 570, ba a sa kwalin littafi ko ɗaya ba, balle buhun hatsin da za a roƙe ka ka taho da shi. Lodin da ya wuce kima yana nutsar da mota a rairayi, yana karya sifirin a gargada, yana ƙara tsawon tazarar da birki yake bukata.

Wajen jera kaya, mai nauyi ya zauna ƙasa, tsakanin ƙafafun gaba da na baya, a ɗaure shi da igiya mai ƙarfi. Jak ko jarkar da ba a ɗaure ba makami ce idan mota ta yi tsalle. Kariyar saman mota ta kayan marasa nauyi ce, kamar tabarma da katifa da allo. Nauyi a sama yana sa mota saurin kifewa, kat-kat kuwa da ma doguwa ce. Kowane fasinja ya sami kujera da bel, ya kuma ɗaura.

5. Ƙura, zafi da mai

Matatar iska. Da hunturu da bazara iska cike take da ƙura. Buɗe matatar bayan kowace doguwar tafiya, ka kakkaɓe ta a hankali, ka goge cikin gidanta da ɗanyen tsumma. Kada ka buga ta da ƙarfi a jikin taya, kada ka hura mata iska mai ƙarfi, domin ƙaramar ɓula ta isa ta shigar da rairayi cikin injin. Riƙe sabuwa a mota. Bututun shan iska da ake ɗagawa zuwa saman gilashi yana da amfani ga motar da ke yawan tafiya cikin ayari, domin ƙurar sama ba ta kai ta ƙasa ba, amma ba dole ba ne.

Lagireto. Daga ƙarshen damina, ƙarangiya da ƴaƴan ciyawa suna toshe fuskar lagireto, injin ya ɗauki zafi. Ɗaura raga mai ƙananan ido a gabansa, ka riƙa share ta. Zuba ruwan lagireto na musamman, domin ruwan rijiya yana barin tsatsa da gasari a ciki. Kada a buɗe murfinsa yana da zafi.

Busasshiyar ciyawa. Tana taruwa a ƙarƙashin mota kusa da salansa, kuma tana iya kamawa da wuta. Leƙa ƙasa duk lokacin da ka tsaya, ka zare ta da waya. Kada ka tsayar da mota a kan busasshiyar ciyawa. Wutar daji ɗaya tana iya cinye abincin dabbobin gari guda.

Mai. Tun da aka buɗe matatar mai ta Damagaram a shekarar 2011, ƙasarmu tana tace nata mai, amma gidajen mai suna manyan garuruwa ne. Cika tanki kafin ka bar Maraɗi, Tasawa ko Mayahi. A rairayi mai zurfi shan mai yana iya kusan ninkawa, don haka kada ka yi lissafi da ma'aunin kwalta. Man kwalba da na jarka da ake sayarwa a bakin hanya, wanda ake kira ruwa-ruwa, yana iya zuwa da ruwa ko ƙasa. Tsohon injin 1HZ na Land Cruiser, mai silinda 6 da lita 4.2, wanda ya fito a 1990, yana da haƙuri. Injunan zamani masu kwamfuta, irin waɗanda ke cikin Hilux tun wajen 2005, ba su da wannan haƙuri, gyaran famfonsu kuma yana da tsada ƙwarai. Idan dole ta sa ka sayi irin wannan mai, tace shi da mazurari mai raga da tsabtataccen ƙyalle. Koyi yadda ake tsiyaye ruwa daga gindin matatar gazuwal, ka kuma riƙe sabuwar matata.

6. Kare cikin mota

Kwanta ka leƙa ƙarƙashin motarka sau ɗaya, ka san abin da ya fi kusa da ƙasa. Galibi tulun aksil ne, wato kumburin ƙarfen da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafar dama da ta hagu. Sanin gefen da yake zai taimake ka ka kauce wa kututture. Idan farantin da ke kare tukunyar baƙin mai na roba ne, ko ya faɗi, sa maƙeri ya yi na ƙarfe mai kaurin milimita 3, da ƙofar juye mai. Matakalar gefe da ƙugiyar jan tirela suna rage tsawon cikin mota, ana iya cire su idan ba a amfani da su.

7. Kayan da ba a barin gida

• Safaya mai lafiya. Ga tafiya mai nisa, biyu.
• Ma'aunin iska, famfo, da kayan toshe huji ko faci da tub.
• Jak mai ƙarfin ɗaukar motar da lodinta, da katako mai kauri mai faɗin kamar santimita 30, don kada jak ya nutse.
• Sifanar taya da ta dace da notin motar.
• Shebur mai dogon ƙota, da adda ko gatari.
• Faranti biyu na fita daga rairayi, na ƙarfe ko na roba mai tauri.
• Igiyar ja mai faɗi, tsawon kamar mita 9, mai ƙarfin da ya ninka nauyin motar sau biyu zuwa uku, da maɗaurai biyu masu rubutun nauyin da suke ɗauka.
• Sifanoni, filaya, sukurudireba, waya, salatif, fis, fanbel, robar lagireto, baƙin mai, man birki, da wayar tayar da batir.
• Abin kashe gobara mai hoda na kilo 2, a ɗaure inda hannun direba zai kai.
• Akwatin agajin gaggawa, tocila, da alamar tsayawa mai kusurwa uku.
• Ruwan sha, aƙalla lita 5 ga kowane mutum a yini, da ƙarin na kwana ɗaya, ban da na mota.
• Wayar hannu mai layukan kamfani biyu da abin cajinta, da cikakkun takardun mota da na direba.

8. Tuƙi a rairayi, da abin yi idan an kafe

Rage iska ka sa H4 tun kafin ka shiga, kada ka bari sai ka kafe. Zaɓi giya ta biyu ko ta uku, ka riƙe totur daidai, ka guji canza giya a tsakiyar rairayi, domin da ka taka kuloci gudun ya mutu. Bi sawun da aka riga aka taka. Idan za ka tsaya, saki totur mota ta tsaya da kanta, domin birki mai ƙarfi yana tara rairayi a gaban taya. Motocin zamani suna da na'urar da ke rage ƙarfin injin idan taya ta zame, kashe ta a rairayi, ka kunna ta idan ka fita. Rairayin safiya ya fi na azahar ƙarfi, saboda haka sammako ya fi.

Idan ka ji mota ta daina ci gaba, ɗaga ƙafarka nan take. Ƙara wuta haƙa kabarinta ne. Sai ka bi wannan tsari:

1. Gwada komawa da baya a hankali a kan sawunka.
2. Idan ta ƙi, sauke mutane da kaya masu nauyi, ka ƙara rage iska.
3. Kwashe rairayi daga gaban ƙafafu huɗu da ƙarƙashin aksil, har ka ga haske ta ƙasan mota.
4. Miƙe sitiyari, cusa faranti a ƙarƙashin taya, sa L4, ka tashi sannu.
5. Kada ka tsaya sai ka kai ƙasa mai ƙarfi.

Idan wata mota za ta ja ka, ɗaura igiya a maɗaurin da ke haɗe da shasi. Kada a taɓa ɗaura ta a bamba, ko a ƙwallon jan tirela. Wannan ƙwallo yana iya tsinkewa ya tashi kamar harsashi, kuma ya kashe mutane a ƙasashe da dama. Ɗora bargo ko buhu a tsakiyar igiya don ya danne ta idan ta tsinke. Kori kowa, musamman yara, zuwa nesa da ta fi tsawon igiyar sau ɗaya da rabi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe.

9. Laka da ruwa

A daminar 2024 jihar Maraɗi tana cikin waɗanda ambaliya ta fi yi wa ɓarna a Nijar. Ruwa mai gudu wanda zurfinsa ya kai santimita 60 yana iya tafiya da kat-kat. Idan ƙorama tana gudu, jira. A ƙasarmu mai rairayi sau da yawa ruwan yana janyewa cikin ƴan awoyi. Idan ruwan kwance yake, tambayi mutanen wurin inda amalanke yake bi, a auna zurfin da sanda. Abin da ya wuce gwiwa, ka nemi wata hanya. Idan za ka shiga, sa L4 da giya ta biyu, tafi sannu ba tsayawa. Idan injin ya mutu a cikin ruwa, kada ka sake tayar da shi, domin ruwan da ya shiga silinda yana lanƙwasa ƙarfe. Bayan ka fita, taka birki a hankali sau da dama ya bushe. In ka dawo gida a duba man aksil, idan ya koma kamar madara ruwa ya shiga, a juye shi.

10. Abubuwan da za a iya jinkirtawa

Ɗaga mota sama yana ƙara haɗarin kifewa, kuma ba ya ɗaga tulun aksil ko kaɗan. Babban ƙarfen gaba yana ƙara nauyi, yana kuma tsananta rauni idan aka buge mutum ko dabba. Injin jan waya da ake ɗaurawa a gaba yana bukatar abin da za a maƙala masa, a jigawa kuwa ba kullum ake samun icce mai ƙarfi kusa ba. Dogon jak na daji yana da haɗari a hannun wanda bai koya ba, motocin zamani da yawa ma ba su da wurin kafa shi. Manyan fitilu kuma suna jawo sha'awar tafiyar dare, wadda ya kamata a guje mata. Kuɗin waɗannan, in an sa su a taya mai kyau, da shokazoba mai inganci, da horar da direba, sun fi amfani.

11. Haƙƙin mutanen hanya

Hanyar karkara ba taka ba ce kai kaɗai. Da damina kada ka kauce wa laka ta cikin shuka, sawun mota ɗaya yana jawo goma, har gonar mutum ta koma hanya. Tun daga shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suke renon ƴan itatuwan da ke tsirowa a gonakinsu, gawo da kalgo da sabara da sauransu, kada ka tattake su, kada kuma ka sare su domin shimfiɗa wa taya. Ba amalanke hanya tun daga nesa, domin dabbar da ta tsorata tana iya kifar da kaya da mutane. A burtali, jira garke ya wuce. A cikin gari rage gudu saboda yara da ƙura. Idan mutanen gari suka taimaka maka da turi, gode musu, ka cike ramin da ka haƙa kafin ka tafi. Ta nan za ka dawo.

12. Kafin tashi da bayan dawowa

Kowace safiya duba baƙin mai, ruwan lagireto, man birki, iskar taya har da safaya tun suna da sanyi, notin ƙafafu, da ko wani abu ya ɗiga a ƙasa cikin dare. Sanar da ofis hanyar da za ka bi da lokacin da ake sa ran isarka. Nemi labarin hanya daga hukumomin wurin da direbobin tasha, ka bi umarnin jami'an tsaro, ka tsara tafiyarka yadda za ka sauka kafin magariba. Idan ba ka san hanya ba, ɗauki ɗan gari. Idan mota ta lalace a daji, zauna kusa da ita a inuwa, domin an fi saurin ganin mota a kan mutum mai tafiya a ƙasa.

Bayan dawowa, wanke laka daga ƙarƙashin mota, zare ƙayar da ta maƙale a taya, sa giris inda ake sawa, ɗaure notin da ya saki, mayar da duk abin da aka yi amfani da shi cikin kayan ceto, ka rubuta abin da ka lura da shi a littafin mota.

Kammalawa

Ga shugaban aikin da zai ware kuɗi, jerin shi ne: gyaran lafiyar mota, sai taya, sai famfo da ma'auni, sai kayan ceto da na agaji, sai farantin ƙasa. A ƙara da yini ɗaya na gwaji a wani fili mai rairayi kusa da gari, inda kowane direba zai rage iska da hannunsa, ya sa L4, ya kafe mota da gangan, ya fitar da ita. Wanda ya yi wannan sau ɗaya da rana tsaka kusa da gida, ba zai ruɗe ba ranar da ta same shi da marar lafiya a bayan mota. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.